Kaset ɗin da Inna Ta Ce Za Ta Ƙona

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta abin da wani ɗan kaset ya yi wa gidanmu, kuma da ƙarar murfin langa aka fara. Da hantsi ne, ina tankaɗen garin dawa a tsakar gida, sai na ji ƙwal daga ɗakina. Duk macen da ta jera kwanonin aurenta ta san muryar kowanne. Wannan ta can sama ce, wadda ba a taɓawa sai ranar goge-goge. Na leƙa, sai ga maigidana ya yi ɗage a kan yatsun ƙafa yana mayar da murfi a hankali, kamar yaron da ya saci nama a tukunya.

Lokacin muna Ƙaura, jiharmu sabuwa, Shari'a ma ba ta daɗe da tsayawa ba, gari ya ɗauki zafin tuba. Ni kaina na tattara kaset-kaset ɗin kiɗan da na zo da su daga gidanmu na cusa a murhu ina hawaye, rabi na tsoron Allah, rabi na hayaƙin roba. Malam, haka nake kiran maigidan, shi ke kula da kwamfutar wani kamfanin sayen auduga, gidan da muke ciki ma na kamfanin ne.

Abin da bai sani ba, mahaifiyarsa, Inna, wadda ta zo daga Shinkafi neman maganin gwiwa, tana kishingiɗe bayan labule da tasbaha, idonta biyu. Yana fita ta ce, "Ke ɗiyar ga, sauko mani da abin da yaron ga ya ɓoye."

Kaset ne, amma ɗan ƙarami mai kauri, ba hoto ba sunan kowa. Inna ta sa na gwada shi a rediyo, wai don a kafa hujja. Ya yi ta yawo a ciki kamar tsakuwa a gwangwani, ko tari bai yi ba.

Da la'asar Malam ya dawo ya tarar da shari'a na jiransa a kan tabarma. Ya durƙusa ya ce, "Inna, wallahi ba kiɗa ba ne. Duk abin da ke cikin kwamfutar ofis, sunayen manoma da gonakinsu, wata na'ura ke kwafewa a cikinsa. Manaja ne ya ce a riƙa ajiye shi a wajen ofis, ko gobara za ta tashi."

Inna ta ce, "Kaset, ba kiɗi ba wa'azi? To mi ac ciki, iska?" Ta ƙulle shi a haɓar zane. "Da hannuna za ni ƙone shi in na koma gida."

Wa zai yi kokawa da haɓar zanen uwarsa? Malam ya sunkuyar da kai. Daga baya ya ce mini ba komai, akwai sababbi kwali guda a sito, gobe na'ura za ta sake kwafewa. Haka kuwa ya ɗauko sabo, yana kai shi ofis yana dawo da shi cikin langata.

Ba ƙaramin alfahari yake da na'urar nan ba. Kullum da safe, in ji shi, sai ya buga mata tambaya a kwamfuta, ta amsa masa da Turanci cewa a shirye take, ga 'yar fitila kore shar. Ni kuma na mayar da abin gaisuwa. In ya shigo sai in ce, "Malam, ya aiki, ya jikin na'ura?" Ya ce, "Lafiya lau, ta ce a shirye take." In ce ai ta fi wasu ladabi.

Sai damina ta yi tsakiya. Wata rana aka yi tsawar da ta sa awakinmu suka shige madafi, ita ce ta ƙone kwamfutar ofis ƙurmus. Malam ya shigo gida ba ko damuwa, har da ɗan taku na isa. Ya sauko da kaset ya ɗaga mini shi ya ce, "Yau za su san amfanina." An kira injiniya daga Gusau da sabuwar kwamfuta.

Ya fita da hula, ya dawo ba hula. Ya zauna a kan turmi, abin da bai taɓa yi ba, ya ce kaset ɗin wayam yake, kamar ranar da aka ciro shi daga kwali. Ashe akwai wani ɗan makulli a gefensa da ake turawa kafin na'ura ta iya rubutu a ciki, shi kuma bai tura ba. Abin takaicin, na'urar ba ta ɓoye masa ba. Amsar tata layi biyu ce: layin sama ne ke cewa a shirye take, ma'ana tana da rai tana jira. A layin ƙasa kuwa kullum sai ta faɗa masa ba ta rubuta komai ba. Shi da ya ga na sama sai ya tashi ya tafi shan shayi. Manaja ya ce ko ya kawo bayanan manoma kafin kakar auduga, ko ya kawo makullin ofis da na gida.

Na san ba lokacin wasa ba ne, amma bakina ya riga ni. Na ce, "Malam, ashe na'urar taka Bahaushiya ce. Ka gaishe ta, ta ce lafiya lau, kai kuma ba ka zauna ka ji sauran ba." Na tuna gwaggota ta Zurmi, wadda ta yi ta cewa da sauƙi har ranar da aka yi mata sutura. Bai yi dariya ba. Ni ma da na dubi 'yarmu tana wasa a bakin rijiya, na tuna ba mu da inda za mu kai ta, sai dariyar ta koma ciki.

Kaset ɗaya ne tak aka tabbata yana da abu a ciki, don wannan injiniyan da kansa ya kwafe shi tun ranar da ya fara haɗa musu na'urar. Shi ne wanda Inna ta tafi da shi.

Muka hau babur sai Shinkafi, ni a baya, don ya ce shi ba zai iya buɗe baki ya tambaye ta ba. A hanya 'yan agaji suka tare mu suna son sanin ko ni matarsa ce. Na ce, "Ku dubi fuskarsa, wannan ya yi kama da mai zuwa zance?" Suka duba, suka ce mu wuce, Allah ya ba shi lafiya.

Mun tarar da Inna tana kaɗi. Aka yi gaisuwa mai tsawo, kowa lahiya lau, har Malam da ko karyawa bai yi ba. Ya koma zaure, ni na bi ta ɗaki na ce, "Inna, kaset ɗin nan fa?"

Ta ce, "Na ƙone shi."

Har na yunƙura zan tashi, sai na tuna na'ura. Na koma na zauna, na jawo ƙafarta ina matsa mata gwiwar, na ce, "Da itace kika ƙona shi, Inna, ko da gawayi?" Na ci gaba da matsa. Can ta miƙa hannu cikin ƙwaryar audugarta, ta tono shi daga ƙasa, ko ƙura babu.

Ta rage murya ta ce, "Babu mai gyaran rediyon da ban kai ma shi ba cikin kasuwar ga, har wani mutumin Nijar. Duk sun kasa sa shi magana. Tun da munka bar kiɗi kunnena bai ji kalangu ba. Na ce in ji sau guda, in yi istigfari, sannan in ƙone." Ta kama hannuna. "In kin hwaɗa mashi, ni da ke."

Na fito na miƙa wa Malam, na ce Inna ta ce ka tafi da abinka, wuta ba ta ci shi ba. Ban yi ƙarya ba. Mutumin da ke sarrafa kwamfuta ya ɗaga hannu sama yana kabbara, ya ce wannan albarkar iyaye ce. Sai bayan shekaru Inna da kanta ta ba da labarin a wani taron suna, tana dariya har da riƙe ciki, shi ya sa nake iya faɗa yau. Allah ya jiƙanta, ya sa ta ji abin da ya fi kalangu daɗi.

Kaset ya yi aiki. Abin da aka yi bayan kwafe shi kuwa Malam ya sake bugawa da yatsunsa daga takardu har bayansa ya ƙage. Manaja ya wanke shi tas, amma ya bar masa makullansa. Tun daga nan ko kwalin ashana ya ɗauka sai ya karanta har ƙasa.

Ni abin da na ɗauka shi ne, amsar farko gaisuwa ce kawai. Mutanenmu ba su da rowar gaskiya, kunya ce ke sa su ajiye ta a layin ƙasa, sai wanda ya zauna ya sake tambaya. Na yi ta faɗar haka a gida har ya zama wa'azina, ina ganin na haddace. Wata rana 'yar tawa ta dawo daga Islamiyya shiru, ina fama da tuƙin tuwo. Ban ko juyo ba na ce lafiya? Ta ce lafiya lau. Na ci gaba da tuƙina. Sai na ji an ja mini zane a hankali, na duba na ga idonta taf da hawaye.

Ta ce, "Umma, layin sama ne fa. Ki sake tambayata."