Ƙugiyar da Yaya Isiyaku Ya Bari a Saman Ƙarfen Sabis

Shekara tara ke nan cif da muka binne yayana Isiyaku, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa ɗaukar biro na rubuta komai a kansa ba. Ba don ban iya ba, ni malamar makaranta ce a Zuba, rubutu aikina ne. Kunya ce ta hana ni. Bana kunyar ta koma haushi, shi ya sa kuka gan ni a wannan shafi.

Yaya mai hawa ƙarfen sabis ne. Dogayen ƙarafan nan masu ja da fari da kuke wucewa ba ku ko ɗaga kai, su yake hawa ya ɗaura musu eriya. Ya fara aikin tun lokacin da waya ba ta iya komai sai kira da tes, ya ɗaura na 3G, yana cikin ɗaura na 4G Allah ya karɓi abinsa. Bai yi boko mai zurfi ba, amma in ya fara bayani sai ka rantse injiniya ne. Na taɓa tambayarsa me ya sa ake ta canza eriya alhali tsohuwar ba ta lalace ba. Ya ce batun faɗin zango ne. Tsohon sabis kamar lungun unguwarmu yake, babur ɗaya ne ke wucewa, sabon kuwa kamar titin Kaduna, tirela uku za su jera da kayansu. Hoto da bidiyo kaya ne masu nauyi, sai an faɗaɗa musu hanya a iska. Ya kan faɗi haka yana washe baki, kai ka ce shi ya ƙirƙiro abin.

Akwai wata ɗabi'a tasa da duk abokan aikinsa suka sani. Bel ɗin da suke ɗaurawa a jiki yana da igiya mai ƙugiyar ƙarfe, ita ake maƙalawa a jikin ƙarfen sabis don ko ƙafa ta zame mutum ba zai faɗo ba. Yaya, duk lokacin da ya isa inda zai tsaya ya maƙala ƙugiya, sai ya ƙwanƙwasa ƙarfen sau biyu da sifana, don na ƙasa ya ji cewa ya ɗauru. Ana yi masa tsiya a kai, ana ce masa mai sallama da ƙarfe. Har a gida abin ya bi shi. In ya dawo daga aiki ba ya buɗe ƙofa sai ya ƙwanƙwasa ta sau biyu, 'yarsa Zainab, tana 'yar shekara shida a lokacin, ta sheƙo da gudu.

Wata ranar Talata da hantsi ya faɗo daga saman wani ƙarfe a wani ƙauye bayan Bwari. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Bayan sadakar uku ogansu, ɗan kwangilar da ya ɗauke su aiki, ya zo gida da takarda a hannu da fuskar jimami. Takardar ta ce bincike ya nuna mamacin bai maƙala ƙugiyarsa ba, ganganci ne. A ƙasa akwai sa hannun Ɗanladi, abokin aikinsa ɗan Bwari, wanda ke tsaye a gindin ƙarfen a ranar. Bel ɗin ma ba mu gan shi ba, aka ce kayan kamfani ne.

To a nan nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na yarda da takardar. Ni da muka fito ciki ɗaya, ni da na san mutumin nan ko kwalbar fetur ba ya bari kusa da risho, na ga hatimi da Turanci sai na sunkuyar da kai. Da bakina na ce wa matarsa Hajara, ai kin san Yaya da rawar kai. Kalmar ganganci ta shiga dangi ta zauna daram. In yaro ya hau bishiyar mangwaro sai a ce sauko kar ka yi irin ta Isiyaku. Zainab ta tashi tana jin wannan. Tana aji ɗaya a sakandare ta daina rubuta sunansa a bayan littattafanta, ta koma sa sunan kakanta. Da na yi mata faɗa ta dube ni ta ce, “Gwaggo, wanda bai damu ya dawo gida ba, ni me zai sa in damu da sunansa?” Ni kuwa na san ni na koya mata.

Watan jiya ina dawowa daga makaranta na tarar da Ɗanladi zaune a dakalin ƙofar gidanmu da leda baƙa a cinya. Shekara tara ban sa shi a ido ba. Ya yi furfura, har yanzu kuma hawa yake yi. Ya ce an tura su wancan ƙarfen na bayan Bwari su sauke tsofaffin eriya za a sa na 5G. Ya buɗe ledar. Ƙugiya ce, ta yi tsatsa har bakinta ya ƙi buɗuwa, sai da zarto ya yanko ta. A jikinta akwai guntun igiyar bel, bai kai tsawon tafin hannu ba, bakinsa a tsinke.

“Malama, wannan ƙugiya na Isiyaku ne,” in ji shi da Hausarsa ta mutanen Bwari. “Yana can sama tun ranar. Ya maƙala. Na ji ya buga sau biyu, da kunnena na ji. Igiya ne ya tsinke.”

Ya ce sau uku Yaya yana nuna wa oga cewa rana ta cinye igiyar, ana ce masa sabbi suna hanya, a lallaɓa a gama wannan aikin tukuna don an matsa a kunna sabis kafin ƙarshen mako. Ya ce shi kuma da aka miƙo masa takarda aka ce ya sa hannu ko ya nemi wani aikin, yana da 'ya'ya huɗu, sai ya sa. Na zage shi, ba zan yi muku ƙarya ba. Na faɗa masa maganganun da malamar makaranta bai kamata ta faɗa a bakin titi ba. Hawaye kawai yake sharewa da hularsa.

Abin da ya fi ci mini rai ba Ɗanladi ba ne. Shekara tara ƙugiyar nan tana rataye a sama, rana ta doke ta, ruwa ya doke ta. Mutum nawa ne suka hau ƙarfen nan gyara a tsawon wannan lokaci? Duk sun gan ta, duk sun san ta wane ce, kowa ya kau da kai ya sauko. Wanda ya rubuta wai an yi bincike kuwa, ko tsani ɗaya bai taka ba. A ofis mai sanyi ya zauna ya kashe yayana karo na biyu da biro.

Ina yawan tunanin me Yaya zai ce da ya ga yau. Na san zai yi murna, don shi mutum ne mai son abin ya yi aiki. Zai ga dillalin lemo a kasuwar Zuba yana nuna wa mai saye a Legas kaya ta bidiyo tun ba a sauke su daga mota ba. Zai ga makanike a Apo yana kallon yadda ake kwance injin da bai taɓa gani ba a wayarsa. Zai ce kin gani ko, hanya ta faɗaɗa. Amma ni zan ce masa, Yaya, je ka duba bel ɗin waɗanda ke hawa yanzu. Na tambayi Ɗanladi, ya ce wani wurin an gyara, wani wurin har gobe mutum uku ke karɓa-karɓa da bel ɗaya. Mu kuma masu waya, bidiyo ya tsaya na daƙiƙa biyar mun fara tsine wa kamfani, ba wanda ya taɓa tambayar wane ne aka tura sama da tsakar rana don kar ya tsaya. Har da ni a ciki, da wannan sabis ɗin na turo rubutun nan.

Ban zo neman komai a hannun kowa ba. Ogan ma na ji ya bar harkar ya koma sayar da filaye, Allah ya haɗa mu a inda ba a sa hannu a takardar ƙarya. Abin da nake so ɗaya ne, duk wanda ya taɓa jin an ce Isiyaku mai hawa ƙarfe ganganci ya kashe shi, ya sani ƙarya ne. Ya maƙala ƙugiyarsa, ya ƙwanƙwasa sau biyu yadda ya saba, igiyar da aka hana shi canzawa ce ta tsinke. Eriyar da ya mutu yana ɗaurawa an sauke ta, an ce ta tsufa. Abin da ya rage nasa a duniya shi ne wannan guntun ƙarfe da yarinya guda, kuma ƙarfen ya fi mu riƙe amana, don shi bai saki ba.

Na kai wa Hajara da Zainab ƙugiyar a ranar da aka kawo ta. Na durƙusa a gaban Hajara na nemi gafararta, ta yafe mini tun kafin in rufe baki, abin da ya ƙara mini jin kunya. Zainab ba ta yi kuka ba. Ta karɓi ƙugiyar ta juya ta, ta shafa bakin igiyar da ya tsinke, ta daɗe tana kallo. Sai ta tashi ta fita waje ta ja ƙofar gidan ta rufe. Muna zaune muna kallon juna, ba mu san me take nufi ba, sai muka ji an ƙwanƙwasa sau biyu.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Jiya na ga littafinta na lissafi a kan tabarma, ta goge sunan kakanta ta rubuta Zainab Isiyaku.