Maganin Kurumta a Rediyo

Ranar Juma'a ce bayan la'asar, a daminar farko da muka koma Mubi daga gudun hijira. Muna zaune a tsakar gidan yayana: ni, da shi, da matarsa, sai 'yarsu wadda aka haifa kurma, kamar yadda aka haifi goggonmu.

Rediyo na kunne. Aka ce masu bincike a ƙasashen waje sun gano cewa can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyi masu kama da gashi, su ke karɓar sauti, kuma tangarɗa a ƙwayar gado guda kan hana su aiki. Sun saka lafiyayyar ƙwayar a kunnen kuramen ɓeraye, sai ɓerayen suka fara firgita in an yi ƙara.

Yayana ya kashe rediyon ya ce, "Shi ke nan. Daga yau ta daina zuwa ajin kurame." Dama bai taɓa son ajin ba. A ganinsa, yaron da ya saba magana da hannu harshensa mutuwa yake yi, ko da kunnen ya buɗe daga baya.

Na ce, "Hamma, ɓeraye fa aka ce. Ba a gwada a kan mutum ba, ba a kuma faɗi rana ba."

Ya ce, "To ɓera ya fi 'yata ne?"

Matarsa tana tsince wake, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Malam, ranar da muka kwanta cikin dawa a bayan Mayo Bani, 'yan bindigar nan suna wucewa a kan babura, wa ya ce mata ta kwanta kar ta motsa?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ci gaba:

"Kai ne? Kai da haƙoranka ke kaɗawa? Da hannun nan na gaya mata, ta kuma ji. 'Ya'yan maƙwabta masu kunne sai da aka toshe musu baki. In maganin ya iso, ni zan goya ta in kai. Kafin nan bar mini hanyar da nake magana da 'yata."

Yarinyar ta dube mu, ta tambayi uwar da hannu me ake cewa. Uwar ta ajiye tiren waken, ta faɗa mata duka, har da ɓerayen. Yarinyar ta yi dariya sosai.

Ranar Litinin ta koma aji, a can kuma ta gama firamare.