Kwalin Sirinji na Yayan Matata

A shekara guda aka gano mana ciwon suga, ni da yayan matata. Shi a gwajin da ofishinsu ke yi wa ma'aikata aka gano nasa, tun bai ji komai a jikinsa ba. Ni kuwa sai da na rame, wando ya daina zama a ƙuguna, sannan matata ta tasa ni gaba zuwa asibiti. Ƙwayoyi ba su riƙe mu ba, aka mayar da mu kan allura, safe da yamma, kowa ya yi wa kansa.

Na girme shi, amma Yaya nake kiransa saboda ƙanwarsa da nake aure. Shi kuma Injiniya yake ce mini, don walda nake yi a bakin titi a Hayin Banki. Ba da raini yake faɗa ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ci mini rai. Da ya taɓa yi mini wulaƙanci, da na samu abin riƙewa.

Ciwonmu ɗaya, amma nasa ya fi nawa kyan gani. Kwalbar maganinsa tana ƙofar firij a gidansa na Unguwar Sarki, kusa da ƙwai. Tawa tana cikin gwangwani, a binne a jiƙaƙƙen yashin gindin randa. In an haɗu wajen suna, mutane su kewaye shi suna tambayar me likita ya hana shi ci. Ni sai dai a ce Allah ya sawwaƙe, a wuce.

Sirinjin da aka ba ni a asibiti 'yan kaɗan ne, takardar likitan kuma an karɓe ta a wajen ba da magani. Da suka kusa ƙarewa na je babban kemis na hanyar Kawo. Mai kemis ɗin dattijo ne mai tabarau. Bai fara duban fuskata ba, hannuwana ya duba. Duk mai walda ya san aikin tartsatsi: ɗigo-ɗigon ƙuna daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Ga rama, ga jan ido saboda hasken wuta. Ya ce sai da takarda. Na yi masa bayanin ciwona. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce samari na zuwa su sayi sirinji su ɗura wa kansu kayan maye, kuma kowannensu da labarin rashin lafiya yake zuwa.

"Ban ce ƙarya kake ba, Malam," in ji shi. "Kawo takarda kawai."

A ranar ban ji haushinsa ba. Na sha ganin sirinji a kwatar bayan garejinmu, na kuma san 'ya'yan wa ke zubar da su. Na zaga ƙananan kemis har Unguwar Shanu. Manyan sirinji na allurar zazzaɓi suke da su, waɗanda nas ta gargaɗe ni kada in auna maganina da su. Samun sabuwar takarda kuwa yini ne guda a layin asibiti, ga ƙofar gidan wani da na yi alkawarin gamawa. Na ce sai wani mako.

Wata ranar Asabar Yaya ya kawo motarsa in liƙe masa salansa. Da na gama ya ce in shigo ya sauke ni gida, amma zai biya wani wuri. Wurin nan kemis ɗin ne. Na tsaya daga bakin ƙofa. Mai kemis ya miƙe tsaye yana "Ranka ya daɗe Alhaji, ya ƙarfin jikin?" Yaya bai ma ambaci abin da yake so ba, yatsa ya ɗaga, aka sauko masa da kwali guda cur. Babu wanda ya yi zancen takarda. Suka taɓa hira kan tsadar mai, ya fito, ya wurga kwalin a kujerar baya kamar burodi. Hanya duka ina jin kwalin nan a bayan ƙeyata. Ya tambaye ni a ina nake sayen nawa. Na ce ana samu.

Da na buɗe baki, da ya farke kwalin ya ba ni rabi, na sani. Abin da na kasa haɗiyewa ke nan. Ba sirinjinsa nake so ba. So nake in ɗaga yatsa ni ma a sauko mini da kwali.

Na ɗauka tufafi ne bambancinmu. Ranar Juma'a na sa shaddar Sallah mai dogon hannu, na kafa hula, na shafa turare, na koma. Ina yin sallama ya ɗago tabarau ya ce, "Malam mai walda, an samo takardar?" Na sayi man zafi da ba na bukata, na fito.

Sirinji biyu suka rage mini, sai na riƙa juya su. In na yi allura in mayar da murfin in ajiye. Bayan kwanaki bakin ya dakushe, sai na danna da ƙarfi kafin ya huda fata. A sana'armu ba a yar da ƙarfe don ya dakushe, wasa shi ake yi. Ina da wani ɗan dutse mai laushi da nake gyara bakin kayan aiki da shi. Na wanke shi, na ɗiga ruwa, na goga bakin allurar a hankali, na duba a rana, na ga yana ƙyalli. Har daɗi na ji. Na ce a raina Yaya da kwalinsa bai iya wannan ba.

Cinyata ta dama ce ta fara yin ja, sannan ta kumbura ta yi tauri. Na daina iya tsugunawa a gaban aiki. Zazzaɓi ya biyo baya. Na ɓoye har ranar da matata ta ga ina jan ƙafa zuwa alwala, ta matsa sai ta gani. Da ta gani ta ɗauko waya. Na ce ban yarda ta kira yayanta ba.

"Malam, ƙafar taka ce," ta ce, "amma in aka yanke ta, ni zan yi jinya."

Ta kira shi a gabana. Ya baro ofis ya zo, ya kai ni asibiti. Aka tsaga wurin aka matse mugunya. Da nas ta ji zancen dutsen, ta kira abokiyar aikinta ta ce in maimaita. Likita bai yi dariya ba. Ya ce mai suga ba ya wasa da ciwo a ƙafa, da na ƙara jinkiri da labarin ya canja. Ya rubuta mini takardar sirinji, na roƙa aka bar mini ita a hannuna. Yaya bai yi mini faɗa ba ko kaɗan. Cewa kawai ya yi, "Haba Injiniya, ni baƙo ne?"

A hanyar dawowa ya tsaya a kemis ɗin, ya ce in daure in fito. Ya dafa kafaɗata muka shiga. Ya ce wa mai kemis wannan mijin ƙanwarsa ne, ciwonsu ɗaya, duk abin da na zo nema a ba ni. Dattijon ya ce ai da na faɗa tun farko. Na sa hannu a aljihu na ciro takardar da na samo da cinyata, na miƙa masa. Ko karɓa bai yi ba. Ya ce in bar ta, ba sai an duba ba, ya sauko da kwali.

Ƙafar ta warke, ta bar tabo mai zurfi. Ban sake yin allura da sirinji ɗaya sau biyu ba. Har yanzu a can nake saye, kuma ba a taɓa hana ni ba. In na shiga, dattijon yakan ce, "Mijin ƙanwar Alhaji, ya Alhaji? Kwana biyu bai leƙo ba." In ce yana lafiya. Sai ya ce in gaishe shi, ya ɗaure mini kwalin a leda. Wani lokaci yakan tuna ya tambayi nawa jikin ina gab da fita.