Rijiyar Ƙarshen Layi

Ɗana na tsakiya, Shiru muke ce masa, don tun yana ƙarami sai ka gaji da tambaya kafin ya amsa. Shi kaɗai ya kai jami'a a gidan nan. A shekarar ƙarshe aka ce kowa ya yi bincike ya rubuta, in ba a karɓa ba, babu takardar gamawa. Shi sai ya zaɓi ruwan rijiyar ƙarshen layinmu, wadda duk unguwa ke sha. Bai faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Autata, ƙanwarsa, amai da gudawa ne suka ɗauke ta, Allah ya jiƙanta.

Ya yi ta ɗiban ruwa a 'yan kwalabe yana kaiwa ɗakin gwaji. Kawunsa direba in ya gan shi sai ya ce, "Furofesa, yau ma fitsarin rijiya za a kai asibiti?" Shi dai murmushi.

Malamin da ke duba aikin ya dawo masa da shi, jan biro ko'ina. Ya gyara, aka sake dawo da shi. Abokansa suka gama suka tafi, shi aka ƙara masa shekara, aka ce daga ita sai kora. Yaron nan ya rame, wando sai da na rage masa ƙugu.

Wata rana na idar da la'asar, ina kan sallaya, na ce ya faɗa mini abin da ya rubuta, da bakin da nake ji.

Ya ce, "Na rubuta ruwan yana da kyau, Umma."

Na ce, "Haka kwalaben suka nuna?"

Ya ce, "A'a. Ƙazanta suka nuna, daga masai na gidajen kusa take shiga. To amma wani babban masani ya taɓa auna rijiyoyin nan, ya ce lafiyarsu ƙalau. Ni wane ne? Na ɗauka ni ne ban iya awo ba, sai na gyara nawa ya yi daidai da nasa. Malam kuma kullum cewa yake lissafin bai haɗu ba."

Na kalli randar da ke bayansa, cike da ruwan rijiyar. Duk tsawon lokacin nan daga ita muke sha.

Na ce, "Ni ban san boko ba, amma na san shaidar zur. A cinyata ƙanwarka ta cika. In za su kore ka, su kore ka kan abin da idonka ya gani."

Washegari ya wanke kwalabensa ya sake daga farko.

Ranar da ya tsaya gaban malamai, wani a cikinsu ya tambaye shi, "Wato masanin ne ya yi kuskure?" Ya amsa: "Ban ce ba. Shi ya auna kafin a haƙa masai a gidajen. Ni wannan na gani." Suka karɓa, alhamdu lillahi.

Rijiyar dai tana nan a buɗe, ba wanda ya zo ya rufe. Kullum da safe Shiru yana tsaye a bakinta, yana ce wa mata su tafasa kafin su sha. Wasu suna ji. Jaririn maƙwabciyata tun jiya yake amai.