Raƙuma a bikin lambar yabo

Jama'a, yau raƙuma sun tsayar da biki a otel ɗinmu!

Baƙi sun zo daga Yamai za su ba mu lambar yabo. Shugabansu ya miƙo wa Hajiya mai otel kofin ke nan, sai ga raƙuma uku sun kutso, sun nufi kwamin ninƙaya. Mai su, wani dattijo daga garin Takanamat, yana biye yana haki. Gardi ya ɗaga sanda.

Hajiya ta ce, "Kul! Ruwan nan da magani. Jawo musu tiyo."

Da leshinta ta riƙe musu baho. Baƙo yana tsaye da kofi har suka ƙoshi.

Dattijo ya ce, "Hajiya, na ɓata muku taro."

Ta ce, "Haba Baba, ai kofi ba ya jin ƙishirwa."