Mai Kwantar da Suna a Tashar Mayahi

Kowace ranar kasuwa, kafin motar farko ta shigo tashar Mayahi, Malam Laminu ya riga ya share rumfarsa, ya kunna tsohuwar ordinatarsa, wato kwamfuta, ya buga takarda ya manna a ƙyaure. Sunayen mazanmu ne da suka tafi arewa haƙar zinariya. Direbobi ke kawo masa labarinsu, shi kuma ya jera. Shekara tara ke nan, kuma ba wanda ya sa shi.

Wanda aka gani da rai, sunansa na tsaye. Wanda rami ya rufta da shi ko ƙishirwa ta kashe, Malam ba ya soke shi da jan biro, ya ce sunan mutum ba kuskure ba ne. Sai ya sauya masa haruffa, ya sa waɗansu sirara masu ƴan ƙafafu da lanƙwasa, sun karkata dama yadda ake kwantar da mamaci. Da irinsu ake buga katin biki, don kyau. Mu kam wallahi mun tsani kyan nan. Matan da ba su taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba sun haddace surar sunan mazansu, tun daga bakin hanya suke hangen ko ya kwanta.

Kadijatu ta ƙauyen Attantane ta yi shekara biyu ba ta san ko da miji take ko babu ba. Labarin mijinta Mati ya yanke ƙaf. Yayyensa suka zo har sau uku, suna so a kwantar da sunan don a raba gona kafin damina. A gabana babbansu ya zagi Malam tas, ya ce masa ɗan boko mai taurin kai. Malam ya ce sai ya ji daga bakin wanda ya ga gawa, jita-jitar tasha ba ta kashe mutum a takardarsa.

Bana wani direba ya zo ya rantse cewa da hannunsa ya zuba wa Mati ƙasa. Ranar Malam bai manna komai ba. Ya hau kabu-kabu har Attantane ya miƙa wa Kadijatu takardar mai sunan Mati a kwance hannu da hannu, don kada ta gani cikin taron kasuwa. Ta daɗe tana kallo.

"Baba, ka tabbata?"

"Na tabbata, ɗiyata."

Ta ce to, yanzu ta san abin da za ta gaya wa ƴaƴanta. Sannan ta yi kukan da ta riƙe shekara biyu.

Malam Laminu, kai ne ka ɗauki aikin da kowa ke gudu, kai ne kake faɗa mana mugun labari ba ƙari ba ragi. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Idonka ya fara hazo, ka ce ƙarshen wata za ka rufe rumfa, ni kuwa tsoro nake ji. Ku da kuka yi karatu kuke wuni wurin shayi, don Allah wani ya tashi ya karɓa. Sunaye ɗari da goma sha huɗu ne a tsaye cikin takardar makon nan, kuma matansu ba su da wani wurin tambaya.