Sakina Matar Baƙo

Direbobin da ke tsayawa a tashar lori ta Hasahisa, wani gari na yankin Jazira can gabas a hanyar Makka, sun san Sakina mai shayi, wata doguwar mace da ba ta cika magana ba. 'Yar Alhaji Garba ce, daga wani ƙauyen Hausawa da ke bakin tur'a, babbar magudanar da ke shayar da gonakin Jazira. Kakanta da ƙafa ya zo daga ƙasar Sakkwato. Ubanta a Jazira aka haife shi, yana da hawasha, wato gonar auduga, da 'ya'ya biyu: Abdulmuttalib, sai ƙanwarsa Sakina.

A shekarar 1994 wani mutumin Nijar mai suna Yakubu ya sauka a ƙauyen. Daga Ƙonni ya taso da niyyar zuwa Makka ta ƙasa, guzuri ya ƙare masa, ya tsaya tsinkar auduga a gonar Alhaji. Sakina ce ta fara gaya wa gwaggonta tana son shi. Alhaji ya ga mutum ne mai salla da ƙwazon aiki, ya ba shi ita. Liman ya ɗaura aure, aka raba dabino. Ba a je wurin mai rubuta aure ba, domin zai nemi takardun ango, Yakubu kuwa ko ɗaya ba ya da ita.

Sun haifi ɗa, Saifuddeen. Da Alhaji ya rasu, Yakubu ya ci gaba da noma kason matarsa, audugarsa kuma ta fi ta Abdulmuttalib kyau. Abdulmuttalib ya fara cewa a majalisa baƙo ya zo yana cin gadon ubansu.

A shekara ta 2000 aka yawaita kamen marasa takardu a kasuwanni. Yakubu ya daina zuwa Hasahisa, ko ƙarar mota ya ji sai ya faɗa cikin dawa. Sakina ta ce wannan ba zama ba ne, su je a gyara abin. A ofishin shige-da-fice jami'i ya ce idan matarsa 'yar ƙasa ce, ta kawo jinsiyyarta, wato takardar shaidar ɗan ƙasa. Sakina ba ta taɓa yin ta ba, kamar yawancin matan ƙauyen. Aka ce ta zo da wani daga dangin ubanta ya shaide ta.

Abdulmuttalib bai yi musu ba. Ranar ya sa farar jallabiya, ya shiga mota tare da su. Yakubu ya tsaya a inuwar darbejiya a waje, riƙe da ƙunshin kisra, wainar dawa, da Sakina ta yi masu don rana.

Jami'in ya duba jinsiyyar Abdulmuttalib, ya tambaye shi da Larabci ko wannan matar 'yar ubansa ce.

"A gidanmu dai ta tashi," in ji Abdulmuttalib. "Amma ubanta ban san shi ba. Tsintar ta aka yi wurin masu wucewa."

Sakina ta juyo ta ce da Hausa, "Yaya, mi ka ce?"

"Abin da na sani na faɗi."

"Nono ɗaya muka sha, Yaya."

Bai dube ta ba. Ya nuna wa jami'in taga, ya ce wancan da ke tsaye ma shekararsa shida a ƙasar ba izini.

Nan take aka kama Yakubu. Bayan makonni aka ɗora shi a lori da wasu aka yi yamma da su. Sakina ba ta samu ganin sa ba, don mai gadi ya ce matar mutum kawai ake bari, ita kuwa ba ta da abin da zai nuna matarsa ce.

Hawashar duka ta koma hannun Abdulmuttalib. Mutanen ƙauye sun san ƙarya ya yi, amma shi ke zuwa ofis a madadinsu idan ruwan gona ya yanke, sai kowa ya kama bakinsa. Sakina ta ɗauki ɗanta ta koma Hasahisa, ta sayi murhu da kofuna. Ta so bin mijinta, aka ce fasfo sai da jinsiyya. Saifuddeen ya yi karatu har aka zo jarrabawar da ake neman takardu. Na uwa babu, na uba babu, ya bar makaranta ya zama yaron mota.

Shekara goma sha biyu bayan haka Abdulmuttalib ya zo da kansa, ya zauna a bencinta, ya sha shayi. Ya samu mai sayen gonar, amma mai sayen ya ji labarin akwai magajiya, ya ce sai ta dangwala yatsa ta yafe kasonta.

"Ki dangwala, ni kau in shaide ki," ya ce.

Ta dangwala. A ofis, gaban wani sabon jami'i, ya rantse ƙanwarsa ce, yana ta murmushi.

Ta samu jinsiyya, ta yi fasfo, ta samu bizar wata ɗaya. Takardun Saifuddeen aka ce sai an bincika, shi kuma ya ƙosa, ya je ofishin jakadancin ƙasar ubansa ya karɓo takardar tafiya. Sakina ba ta iya karatu ba. Ba ta san takardar ta zuwa ce kawai ba, ɗan kuma bai gaya mata ba.

Sun sami Yakubu a Ƙonni yana sayar da albasa, gemunsa ya yi fari, yana da iyali. Ya rungume ɗansa yana kuka. Ita kuwa daga nesa ya gaishe ta. Da suka keɓe a zaure ya ce tun shekarar da aka koro shi wasu masu dawowa daga hajji suka kawo masa saƙon wanta, wai alƙali ya raba auren har ta auri wani.

"Malam, ban auri kowa ba. Kai nike jira."

Yakubu ya ce, "To, Allah shi isar maki. Amma ni ranar da na ji, na furta saki gaban shaidu. Abu ya wuce, Sakina. Ɗakunan gidanga biyu ne, duk da mutane ciki, kin gani da idonki."

Ta tambaya ko zai mayar da auren ko don ta samu izinin zama kusa da ɗanta. Ya ce zai yi shawara. Har watan ya ƙare bai sake tayar da zancen ba.

Ranar tafiya ta ɗaure kayanta da na Saifuddeen wuri ɗaya. Yaron ya zo ya kwance, ya cire nasa.

"Inna, ni na tsaya. Nan sunan Baba kawai na faɗi aka rubuta ni. Takardata ma ba ta komawa."

"Tun can ka sani?"

"Na sani."

Ya raka ta tasha, ya sa mata jaka a mota, ya koma kafin motar ta tashi domin ubansa na jiran sa a rumfa.

Ta dawo Hasahisa ta tarar wata ta kama wurinta, ta koma can ƙarshen tasha kusa da masu facin taya. Saifuddeen yakan kira ta a waya da Salla. Da ya yi aure sai daga baya ta ji. A damunar 2017 zazzaɓi ya kwantar da ita, matan tasha suka kai ta asibiti, ba ta fito ba. Aka kai gawarta ƙauye, aka kafa rumfar makoki a ƙofar gidan Abdulmuttalib, shi ne ya zauna a kan darduma yana karɓar gaisuwa. Saifuddeen ya nemi biza bai samu a kan lokaci ba, ya yi mata addu'a daga Ƙonni.